Alhaji Ya Ce Ya Warke, Ya Ajiye Maganin Hawan Jini

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a unguwar Mabera cikin garin Sakkwato, shekarata 43. Maigidana ɗan kasuwa ne, albasa yake saye a ƙauyuka yana lodi zuwa kudu, shekarunsa 54. Bara da za su tafi aikin Hajji aka gwada shi, aka ce jininsa ya hau, 170 bisa 100. Aka rubuta masa magani, ya sha kamar wata biyu, yana dawowa daga Makka ya ajiye. In na yi magana sai ya ce, "Lahiya lau nike, ko ciwon kai ba ni yi." Yanzu zoɓo yake sha da tafarnuwa da wani jiƙo da abokinsa ya kawo masa. Ga shi yayansa shekara uku ke nan yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Na gwada rage gishiri da dunƙule a girkina, sai ya zama ranar girkina taɓawa kawai yake yi ya ture, ranar abokiyar zamana kuwa ya cinye tas, har ta fara yi mini habaici. Ni kaina kwanan nan ƙishirwa ta dame ni, ina tashi fitsari sau uku ko huɗu cikin dare, kuma ciwon suga ne ajalin mahaifiyata. Tsoron zuwa gwaji nake yi. Don Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya ba yayan Alhaji sauƙi.

Alhaji bai warke ba. Na faɗa miki kai tsaye ne don na lura kina neman wanda zai tabbatar miki cewa damuwarki ba ta wuce gona da iri ba. To, ba ta wuce ba. Mutum mai shekara 54 da aka samu da 170 bisa 100, wanda yayansa uwa ɗaya ko uba ɗaya ke kwance da shanyewar ɓarin jiki, ya kuma bar magani tun bara, yana cikin haɗari ko da yana jin zai iya ɗaukar buhun albasa da kansa.

Abin da ke ruɗar mutane da hawan jini shi ne rashin ciwo. Mun saba cuta ta zo da zazzaɓi ko ta kwantar da mutum, shi kuwa wannan yawanci ba ya sa ko ciwon kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke da hawan jini ba su ma san suna da shi ba. Tunda Alhaji mutumin fadama ne, ya san injin ban ruwa. In ƙarfin ruwan ya fi ƙarfin tiyo, tiyon zai yi ta aiki wata da watanni ba wanda ya ga komai, sai rana ɗaya ya fashe ta inda ya fi rauni. A jikin mutum, wuraren da suka fi rauni su ne ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da na ƙoda, da na ido. Ita kuma zuciya da ke ta turo jinin da ƙarfi, namanta yana kauri, daga baya ta gaji, mutum ya fara haki da kumburin ƙafa. Lambar sama, wato 170 ɗin, ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matsa. Ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Lafiyayye yana zama a wajen 120 bisa 80 ko ƙasa da haka. In aka gwada a ranaku biyu daban aka samu 140 bisa 90 ko sama, an shiga hawan jini. Kin ga nisan da ke tsakanin wannan da lambar Alhaji.

Maganin hawan jini riƙe jinin yake yi, ba ya tumɓuke cutar. Ranar da aka sha, jini yana ƙasa. In aka daina, cikin kwanaki ko 'yan makonni ya koma inda yake. Akan samu wanda ya rage ƙiba ya gyara cinsa har likita ya rage masa ƙwayoyi, amma likita ne ke ragewa bayan ya ga lambobi, ba mai ciwon ba don ya ji daɗin jikinsa.

Kafin ki sake ce masa ya sha, ki binciko dalilin da ya sa ya ajiye. "Lahiya lau nike" amsa ce ta rufe baki, sau da yawa akwai wani abu a ƙarƙashinta. Wani maganin, irin amlodifin, yakan kumbura idon sawu. Wani, irin lisinofiril, yakan sa busasshen tari da ba ya jin magani. Wani kuma yakan sa yawan fitsari, abin da ɗan kasuwa mai doguwar tafiya a mota ba zai so ba. Sai kuma wanda maza ba sa faɗa ko ga likita: tsoron raunin mazakuta. A majalisa ake yaɗa shi, wai duk wanda ya kama maganin hawan jini ya gama. Gaskiyar ita ce akwai wasu nau'o'in maganin da kan taɓa wannan ɓangaren ga wasu mutane, amma nau'o'in suna da yawa, likita zai iya canza masa da wani. Abin da majalisar ba ta faɗa shi ne hawan jinin da aka bari ba magani shi kansa yana lalata jijiyoyin da ke kai jini wurin, haka ma ciwon suga. Ke ce kaɗai za ki iya buɗe wannan magana da shi, a ɗakinki, cikin raha, ba tare da ya ji an taɓa masa girma ba. In kuma yana sayen magungunan ƙarin kuzari da ake talla a kasuwa da tasha, ki roƙe shi ya bari, don an sha samun irinsu da ƙwayoyin asibiti a dake a ciki ba a rubuta a kwalba ba.

Akwai masu cewa shan magani kullum yana kashe ƙoda. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen kai mutane ɗakin wankin ƙoda, inda ake zuwa sau biyu ko uku duk mako, kuɗi kuma ba ya tsayawa. Ƙwayoyin da ya kamata ya ji tsoro su ne na ciwon jiki, irin ibufurofen da dikulofenak, da haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda don gajiya. Su ne ke ƙara hawan jini suna cin ƙoda in aka mayar da su abin sha kullum.

Zoɓo ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. An yi bincike an ga yana ɗan sauke jini, tafarnuwa ma haka, amma ɗan kaɗan ne, ba zai sauko da 170 zuwa inda ake so ba. In kuma an zuba masa suga kamar na biki, an ɓata ɗan amfanin. Ya sha abinsa ba suga, ya gaya wa likita yana sha. Jiƙon abokin nan ne ban yarda da shi ba. Ba wanda ya san abin da ke ciki, ba awo, kuma yawancin jiƙo ba ya rasa kanwa, alhali kanwa 'yar uwar gishiri ce wajen hawar da jini.

Yanzu yaya za ki kai shi asibiti? Ki daina gardama da shi a kan ko ya warke ko bai warke ba, don ba za ki ci ba. Shi yana jin jikinsa, ke kuma ba ki da hujja sai tsoro. Ki bar na'ura ta yi magana. Kuma ga hanya a hannunki: ke ma kina bukatar gwaji. Ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce, "Alhaji, jikina ba ya mini daɗi, ina tsoron abin da ya kashe Inna. Don Allah ka kai ni da kanka, ni kaɗai ba zan iya ba." Babu yaudara a ciki, gaskiya kika faɗa. Namijin da ba zai je asibiti don kansa ba sau da yawa zai je don iyalinsa. In kun isa, bayan an gwada ki, ki ce a gwada shi ma tunda an zo. Gwajin hawan jini ba sai babban asibiti ba, asibitin unguwa ma ana yi. In aka ga abin ya yi sama, a tura ku Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ku nemi a duba masa suga, da aikin ƙoda ta jini da fitsari, da kitsen jini, da bugun zuciya, a kuma leƙa cikin idonsa. Waɗannan aƙalla sau ɗaya ne a shekara ga mai hawan jini. Ku tambayi yadda ake rajista da SOCHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ko za ta rage muku nauyi.

In da hali, ku sayi na'urar gwajin ta gida, wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu inganci. Ya zauna minti biyar tukun, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Kada ya ci goro ko ya sha shayi rabin awa kafin nan. A gwada sau biyu da safe, sau biyu da dare, har mako guda, a rubuta a littafi a kai wa likita. Ɗan kasuwa yana girmama abin da ke rubuce a littafi. In ya ga lambar da idonsa kwana bakwai a jere, ba sai kin ƙara cewa komai ba.

Zai iya ce miki ciwo da mutuwa na Allah ne. Ki ce masa haka ne, kada ki musa. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce bayin Allah su nemi magani, ya kuma ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. A garin nan da kuke zaune, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki da ilimin da ke kansa, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Ba wanda zai ce Alhaji ya fi shi tawakkali. In akwai malamin da yake jin maganarsa, ko wani babba a dangi, a sa shi ya yi masa wannan tunin. Daga bakin namiji ɗan uwansa zai fi shiga.

Sai maganar tukunya, wadda na ga ita ta fi ci miki rai. Niyyarki daidai ce, inda aka samu matsala shi ne kin yi ke kaɗai, kuma da alama kin rage a lokaci guda. A gidan da ake karɓa-karɓar girki, in ɗaya ta rage gishiri ɗaya ba ta rage ba, harshen maigida ba zai taɓa sabawa ba, abin kuma zai koma gasa. Ki cire kishi daga wannan magana gaba ɗaya. Ki je ɗakinta da kanki, ki kira ta da sunan da kika saba girmama ta da shi, ki ce kin zo neman taimakonta ne. Ki tuna mata halin da matan yayan Alhaji ke ciki shekara uku, ɗagawa da kwantarwa da wankin shimfiɗa. In abin ya faɗo gidanku, ba zai tambayi ranar girkin wa ba, ku biyu za ku yi jinya, 'ya'yanku duka za su rasa mai nema. In ya yiwu ku tafi asibitin tare, ta ji daga bakin likita, umarnin ya zama na gida ba naki ba.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk abin da ya ci tun safe har dare. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Farin magi ma yana da nasa, haka kanwar da ake sa wa ɗan wake da miyar kuka da kunu. Yajin da ake barbaɗawa a tsire da balangu, kilishi, burodi, taliyar yara ta leda, duk suna ɗauke da shi a ɓoye. Ku rage sannu a hankali: in kuna sa dunƙule huɗu, ku koma uku na mako biyu, sannan biyu. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ya zo ya ji tsohon girkin ya yi masa gishiri. Ku cike gurbin da daddawa mai kyau, da albasa wadda ba ku rasa ta ba, da tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari, da busasshen kifi wanda ba a gishirta ba. A dake yajin gida ba gishiri. Kuma a ɗauke robar gishiri daga gaban mai cin abinci.

Abincinmu na asali ba shi da laifi. Tuwon dawa da na gero, wake, kwaɗon zogale da rama, alayyahu, kuɓewa, yakuwa, kifi, nono, gyaɗa, duk abin so ne. Ɓarnar tana wajen yawa da ƙari: malmala uku a zama ɗaya, man shanu yana yawo a kan miya, fura da suga cokali huɗu, lemon kwalba duk bayan cin abinci. Ki raba kwano a ido, rabi ganye, kwata tuwo ko shinkafa, kwata wake ko kifi ko nama marar kitse. Wanda ya san hadisin kashi uku na ciki, ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, ba zai ga wannan baƙon abu ba.

Rabin cin Alhaji a kasuwa yake, can ba ki da iko, sai lallashi. Mai shayi ya rage masa suga da madarar gwangwani, goro ya ragu, in yana taɓa sigari ko shisha ya bari ɗungurungum. Motsa jiki da ake so minti 150 ne a mako, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri da za ta sa numfashi ya ƙaru. A zafin Sakkwato na Maris zuwa Mayu, da ake wuce digiri 40, ba wanda zai ce ya fita da rana. Bayan Asuba ne lokacinsa, ko bayan Isha. Ya taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa, ya daina hawa kabu-kabu a tafiyar da ƙafa za ta iya. Ke ma ki samu maƙwabciya ku riƙa zagayawa da sassafe, ko ki yi a tsakar gida. Ki ɗauko tef ɗin tela ki auna cikinsa daidai cibiya, ki auna naki: faɗin ya kamata ya gaza rabin tsayin mutum. Maganin kuwa a haɗa shi da abin da ba ya wucewa, kamar sallar Asuba, in zai yi tafiya kudu a sa masa wanda zai ishe shi a jaka, nesa da zafin rana.

Na dawo kanki, ƙanwata, don na ga kin sa taki matsalar a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba ce. Ƙishirwa a garinku ba abin mamaki ba ce, amma ƙishirwa da tashi fitsari sau huɗu, ga mahaifiya mai ciwon suga, ba abin da za a jira ba ne. Ki je cikin makon nan. Ki kwana ba ki ci komai ba aƙalla awa 8, ruwa kawai, a ɗiga jininki da safe a auna suga. Ƙasa da 100 lafiya. 100 zuwa 125 gargaɗi ne, an kusa amma ana iya juyawa da rage ƙiba da tafiya. 126 zuwa sama, in an maimaita an sake samu, ciwon suga ne. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke aiki, a can 7 ce daidai da 126. Ki gaya wa likita in kina rama ba dalili, ko ganinki na dishi-dishi, ko ƙaiƙayin gaba ya ƙi jin magani, ko kina jin ƙafa kamar ta mutu, ko kin taɓa haihuwar jariri da ya wuce kilo 4.

Na san abin da kike tsoro, kin ga yadda mahaifiyarki ta ƙare. Amma abin da ke kai mai suga ga makanta da yanke ƙafa shi ne shekarun da cutar ta yi tana ɓarna ba a sani ba, ko an sani ba a kula ba. Wadda aka gano da wuri, ta riƙe magani da abinci, tana duba tafin ƙafarta kullum, tana kai idonta a duba duk shekara, tana iya aurar da jikokinta. In ya tabbata, kada ki yarda da masu cewa zuma ba ta hawar da suga, ko tuwon alkama a ci iya ci. Duk suna hawarwa, awo ne ke raba su. Kafin azumi kuma, ku biyun ku koma wurin likita ya tsara muku lokutan shan magani tsakanin sahur da buɗa baki, kada wani ya ajiye nasa don Ramadan ya zo.

Kafin duk wannan ya daidaita, akwai abin da nake so kowa a gidan ya sani tun yau. In bakin Alhaji ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta saki, ko magana ta sarƙe, ko ido ya rufe farat ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko masa, ko ƙirji ya danne da zufa da haki, a sa shi a mota zuwa babban asibiti nan take, ko da abin ya wuce bayan 'yan mintoci. Haka in na'ura ta nuna 180 bisa 120 tare da ɗaya daga cikin waɗannan. Kada a tsaya shafa mai ko hayaƙi, addu'a a yi ta a hanya. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko ƙwaya, don mai shanyewar jiki yakan kasa haɗiya, abin ya wuce huhu. Asfirin ma kada a ba mai alamun shanyewa sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, don wata toshewar jijiya ce, wata fashewa, kuma asfirin yana ƙara zubar jini. In ya fita hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe. A lura da ƙarfe nawa abin ya fara, likita zai tambaya. Ki koya wa abokiyar zamanki wannan, da babban ɗanku, da yaron da ke tare da shi a kasuwa, da direban da yake tafiya kudu da shi.